Samarin nan masu farar riga da baƙin bajo: aikin albashi ne ko ibada?

Tela_Nima:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kusan kullum da hantsi akwai samari biyu da ke wucewa ta gaban shagona a nan Nima, ɗaya Bature ɗaya baƙar fata, farar riga, nektai, baƙin bajo a ƙirji, jaka a kafaɗa. Rana na dukansu, su kuwa suna tafe a ƙasa, ƙura ta cinye takalmansu. Yaron shagona ya ce 'yan mishan ne na cocin Mormon. Ni abin da na ce masa shi ne, babu yaron da zai baro Amurka ya zo yana shan ranar Akra a kyauta. Lallai ana zuba musu dala duk ƙarshen wata. Wanda ya san gaskiyar lamarin don Allah ya warware mana.

DanKawo_KD:
Wa alaikumus salam. Ruwa ba ya tsami banza, maigida. Ni tun ina yaro nake jin cewa 'yan leƙen asiri ne. In ba haka ba, me ya sa suke shiga lungu-lungu suna rubuce-rubuce a ɗan littafi?

Bakano_a_Utah:
Wa alaikumus salam, Malam Tela. A cikinsu nake zaune, kusa da Salt Lake City inda hedikwatarsu take, kuma yawancin abokan aikina sun yi wannan tafiyar suna samari. Ba a biyansu albashi. Hasali ma su ke biya. An daɗe ana karɓar dala 400 a wata daga ɗan Amurkan da zai tafi, ka lissafa wata 24, dala 9,600 ke nan. Kuɗin na shiga asusu ɗaya, sai a riƙa ba kowa na abinci da mota gwargwadon tsadar ƙasar da yake. Yaro tun yana sakandare yake yankan ciyawa a gidajen mutane ko aiki a kanti yana tarawa, iyaye su cika, wani lokaci 'yan cocin unguwa su taimaka.

Namiji wata 24 yake yi, mace wata 18. A 2012 ne aka rage shekarun tafiyar samari daga 19 zuwa 18. Kuma ba kai ke zaɓen inda za ka ba. Ka cike takardu, likita ya duba ka, shugaban cocinku ya yi maka tambayoyi, sai manyansu su yanke. An gayyace ni gidan maƙwabcina ranar da ɗansa zai buɗe takardar kiransa. Falo ya cika, kakarsa na zaune a kujerar guragu, kowa ya ɗaga waya. Yaron na karantawa muryarsa na rawa, da ya kai kan sunan ƙasar, Madagaska, uwar ta toshe baki da hannu biyu. Uban ne ya ɗauko taswira don ƙannen yaron su ga inda take.

Tela_Nima:
Ikon Allah. Wato ka biya kuɗinka kuma a tura ka inda ba ka zaɓa ba? To ribar mece ce?

DanKawo_KD:
Shi ne fa. @Bakano_a_Utah, abin da suka gaya maka ke nan. Wa ya ga asusunsu?

Hajiya_MaiKoko_Aboabo:
Ni ban san asusu ba, amma na san aljihunsu, don a wurina suke karyawa a nan Kumasi. Ɗana Tela, wanda ake biya da dala ba ya tsayawa yana ƙirga silalla kafin ya ce a ƙara masa ƙosai biyu. In wata ya yi nisa, koko kawai suke sha, su raba burodi ɗaya. Akwai wani dogon Bature da ya zo da jar fuska kamar tumatir, ranar farko yajin kokon ya sa shi tari har da hawaye. Kafin a ɗauke shi daga unguwar nan yana gaishe ni da Hausa, ina kwana Hajiya, yaya kasuwa. Wuyan rigarsa duk ya tsage saboda wankin hannu. Da na yi masa tayin shayi sai ya ce addininsu ya hana. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai, shayi kuma?

Bakano_a_Utah:
Haka ne Hajiya. Suna da doka tun 1833 daga wanda ya kafa cocin, Joseph Smith: ba giya, ba taba, ba kofi, ba ganyen shayi. Milo da makamantansa suna sha. Wannan ya hau kan kowane ɗan cocin, ba 'yan mishan kaɗai ba.

Malam_Tudun_Wada:
Jama'a a yi hattara. Ladabi da gaisuwa da barin giya abu ne mai kyau, amma kada ya rufe mana ido daga abin da ya kawo su. Kira suke yi zuwa ga addinin da ke cewa an aiko wani annabi a Amurka a ƙarni na 19, kuma har yau shugabansu annabi suke kiransa. Mu kuwa mun yi imani babu annabi bayan Annabi Muhammadu, Sallallahu alaihi wa sallam. Hajiya, ki sayar musu da koko, ki kyautata musu, wannan haƙƙin baƙo ne. Amma a lura da yaran gida.

Hajiya_MaiKoko_Aboabo:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Wallahi ba su taɓa yi mini wa'azi ba. Na taɓa tambayarsu, suka ce ba sa karantar da Musulmi sai shugabansu ya ba da izini. Iyakarsu da ni gaisuwa, sai wata rana da ruwa ya kwashe mini rumfa suka tuɓe nektai suka taya yarana ɗaurawa.

Yar_Jos_ECWA:
Barkanmu dai. Ni Kirista ce, kuma ina so a fahimci abu guda, don na ga ana haɗa mu duka a kwano ɗaya. Yawancin majami'unmu ba sa ɗaukar koyarwarsu daidai da tamu. Mu Littafi Mai Tsarki kaɗai muka riƙe, su sun ƙara Littafin Mormon da aka buga a 1830 da wasu littattafan. Mu muna cewa Allah ɗaya ne cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, su suna cewa uku ne daban-daban masu nufi ɗaya, har suna koyar da cewa Uban yana da jiki. Suna kuma yin baftisma a madadin matattu. Cocin Katolika ma ta yanke a 2001 cewa baftismarsu ba ta karɓu a wurinta. Su dai suna cewa su Kiristoci ne, sunan Yesu na kan bajonsu. Ban ƙi su ba a matsayin mutane, amma in suka ƙwanƙwasa ƙofarmu, mu ne ainihin waɗanda suke nema, ba ku ba.

Tsohon_Elda:
Sannunku. Na daɗe ina karanta zauren nan ban cika magana ba, amma wannan ta shafe ni kai tsaye. Ni ɗan Filato ne, Hausa na tashi da ita, ɗan wannan cocin ne, kuma a Ghana na yi nawa mishan, yankin Cape Coast. Sunan da muka fi so shi ne Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, tun 2018 shugabanmu na lokacin, Russell Nelson, ya roƙi a daina ce mana Mormon, amma ba zan yi fushi da kowa ba.

Baba Tela, babu albashi. Sai dai in ƙara a kan bayanin ɗan'uwa na Utah: mu 'yan Afirka ba ma iya biyan wannan adadin. Ni abin da na iya tarawa daga aikin gyaran waya, fasfo da takalma da riguna da akwati ya saya, na ba da ɗan abin da ya rage. Sauran daga asusun coci ya fito, wanda wasu ke ba da gudummawa a ciki. Kuɗin abincin da ake ba mu, in ka yi rashin lissafi, garin kwaki da suga za ka sha a makon ƙarshe. Hajiya ba ta yi ƙarya ba.

Ga yadda yini yake. Ƙarfe 6:30 ka tashi, ka durƙusa ka yi addu'a, motsa jiki rabin awa, wanka da bokiti, sai karatun nassi kai kaɗai na awa guda, sannan ku yi tare da abokin tafiyarka, ku tsara wa za ku gani da me za ku koya masa. Daga nan sai titi har dare. Ƙarfe 10:30 a kashe fitila. Daga 2017 an sassauta, wasu yankunan na matso da lokacin gaba ko baya. Ba talabijin, ba fim, ba iyo a ruwa ko da teku na gabanka, ba budurwa, ko rungumar mace ba a yi. Litinin ce ranar hutu, ita ma wanki ne da cefane da rubuta wa gida wasiƙa, da yamma a koma aiki. Kullum ka haɗiyi ƙwayar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ka kwana a gidan sauro.

Ɗan littafin da DanKawo ya gani, sunayen mutanen da muka yi alƙawarin komawa wurinsu ne da lokacin da suka ba mu. Yanzu ma a waya ake yi.

Tela_Nima:
Madalla, ga mai abin ya zo da kansa. To ɗana, gaya mini, me ya sa kullum bibbiyu? Ban taɓa ganin ɗaya shi kaɗai ba, ko kati ya zo saya.

Tsohon_Elda:
Doka ce, Baba. Dole ka kasance inda abokinka zai gan ka ya kuma ji ka, dare da rana, banda banɗaki. Ɗaki ɗaya kuke kwana, gado daban-daban. Kuma ba kai ke zaɓensa ba, duk mako 6 shugaban mishan na iya sauya ku. In ka tambaye ni abin da ya fi wuya a shekara biyun, ba rana ba ce, ba yunwa ba ce, wannan ne. An haɗa ni da wani ɗan jihar Idaho ta Amurka, ɗan manomin dankali, mutumin kirki amma ba ya magana da safe, ni kuma in ban yi hira ba ji nake kamar an ɗaure ni. Shi yana ganin na cika ɓata lokaci a gaisuwa, ni ina ganin yana shiga gidan mutane ba ya tambayar lafiyar tsofaffi. Akwai zama da ake yi duk mako, kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa abin da ke damunsa ido da ido, sannan ku durƙusa kowa ya yi wa ɗayan addu'a da sunansa. Yana da wuya ka roƙa wa mutum alheri da bakinka ka tashi kana riƙe da shi. Da zazzaɓi ya kayar da shi, ni na riƙa jiƙa tawul ina goga masa har gari ya waye. Ranar da aka raba mu a tashar mota, shi da ba ya magana, shi ya fara kuka.

Maman_Khalifa:
Ni uwar ce nake tausayi. Shekara biyu ba ki ga ɗanki ba? Ko rasuwa aka yi?

Bakano_a_Utah:
Da ma ya fi haka tsanani, Maman Khalifa. Kafin Fabrairun 2019, sau biyu kawai a shekara ake barin yaro ya kira gida, ranar Kirsimeti da ranar iyaye mata. Sauran duk wasiƙa ce ta mako-mako. Yanzu suna iya kira ko bidiyo duk ranar hutunsu. Zancen rasuwa kuwa, na san wanda kakansa ya rasu yana Brazil, a can ya yi makokinsa.

Maman_Khalifa:
Kai, wannan ya yi yawa. Yaro ɗan shekara 18 fa.

Dan_Yamai:
Salamu alaikum. Ni abin bai zame mini baƙo ba sosai. A nan Yamai muna ganin 'yan Tablig, mutum ya ɗauki tabarmarsa da risho da tukunya, ya fita kwana 3 ko kwana 40 ko wata 4 da kuɗin aljihunsa, amir ya ce ga garin da za a je, ya bar iyali da kasuwa. Ba wanda ke cewa ana biyansu. Bambancin da na gani, su Tablig 'yan'uwansu Musulmi suke tunatarwa, waɗannan kuwa sababbin mabiya suke nema. Amma batun mutum ya wahala da kuɗinsa saboda abin da ya yi imani da shi, Malam Tela, ai muna da shi a gida.

Malam_Tudun_Wada:
Kwatancen na da iyaka, ɗan'uwa na Yamai, amma na karɓi wani ɓangarensa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsari. Kafin su tura yaro, likita ya duba shi, an koya masa harshe, an kama masa ɗaki, an san abin da zai ci, akwai babba da matarsa da ke lura da lafiyarsa. Mu kuma muna tura yaro ɗan shekara 7 neman karatun Alƙur'ani, wanda ya fi komai daraja, da kwano kawai. Wannan ya kamata ya dame mu.

DanKawo_KD:
Malam, tsari ai kuɗi ne. Cocin nan na karɓar kashi 10 cikin 100 na abin da kowane mabiyi ya samu. A 2023 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta ci su tarar dala miliyan 5, su da kamfanin da ke juya musu kuɗi, saboda sun ɓoye girman jarinsu a bayan wasu ƙananan kamfanoni. Masu irin wannan dukiya, me ya sa yaro zai sha garin kwaki yana musu aiki? Ko ba a biyan yaran, wani na cin riba.

Tsohon_Elda:
Tarar gaskiya ce, an yi ta, kuma ni ma ban ji daɗinta ba. Amma ni ban ɗauki kaina ma'aikacin kowa ba, ɗan'uwa. Da an biya ni, da ban san abin da zan ce wa matar da ta tambaye ni a wani ƙauyen masunta ko nawa ake ba ni a kan kowane mutum da na yi wa baftisma ba. Na iya kallon idonta na ce ko sisi.

Baba_SabonZango:
Ku yara ba ku san lokacin da aka kore su daga ƙasar nan ba. Ranar 14 ga Yunin 1989, zamanin mulkin Rawlings, aka sanar a rediyo cewa an dakatar da su da Shaidun Jehobah. Aka rufe majami'unsu, aka ba Turawansu 'yan kwanaki su tattara su fita. Irin maganar da DanKawo ke yi yau, ita ake yi a lokacin, ana cewa 'yan leƙen asirin Amurka ne, ana kuma cewa suna raina baƙar fata. Ina da maƙwabci Bafante ɗan cocin, ma'aikacin gidan waya. Duk Lahadi sai ya rufe tagoginsa, shi da matarsa da 'ya'yansa su sa kayan coci su yi ibadarsu a falo, muna jin waƙarsu ƙasa-ƙasa ta katanga. Sai ƙarshen Nuwamban 1990 aka ɗage wa cocinsu dakatarwar. Yau ga haikalinsu nan a kan titin Independence da aka buɗe a Janairun 2004, kuma makarantar horar da 'yan mishan ɗin da ke Tema tun 2002 an dawo da ita nan Akra kusa da shi a 2017. Ni dai ban taɓa jin an kama ɗaya da laifin leƙen asiri ba.

Yar_Jos_ECWA:
Baba, zancen raina baƙar fata ba ƙage ba ne gaba ɗaya. Har zuwa Yunin 1978 ba sa naɗa baƙar fata a matsayin firist, ba sa barinsa ya shiga manyan ibadun haikalinsu. Fiye da shekara 100 ana haka. @Tsohon_Elda, da girmamawa nake tambaya, yaya kake ji da wannan?

Tsohon_Elda:
Yaya, tambayar da ta fi kowace yi mini nauyi ke nan, kuma an sha yi mini ita a titi. Haka aka yi. Cocin da kanta ta fitar da bayani a 2013 tana nesanta kanta daga dalilan da aka riƙa bayarwa a da, irin su cewa baƙar fata alamar la'ana ce. Ba zan ce miki abin ya daina yi mini ciwo ba.

Abin da ke riƙe ni shi ne mutanen da suka riga ni. Joseph William Billy Johnson, wanda ya zauna a Cape Coast inda na yi aiki, ya karanta Littafin Mormon tun 1964, ya tara jama'a suna ibada shekara 14 babu ɗan mishan ko ɗaya, suna ta rubuta wasiƙa Amurka ana ce musu su jira. A Najeriya ma Anthony Obinna haka ya yi ta rubutu, sai Nuwamban 1978 aka yi masa baftisma da 'yan mishan na farko suka iso. Ba Bature ne ya bi su gida ya lallashe su ba. Na zauna da tsofaffin da suka yi zamani da Johnson, na ci fufu a gidajensu. Ni ma na karanta, na yi addu'a na tambayi Allah ko gaskiya ne kamar yadda ake koya mana, na samu natsuwar da ba zan iya musunta ba. Na san ke da Malam ba za ku yarda da abin da na kammala a kai ba, kuma ban zo nan don in ja kowa ba.

Malam_Tudun_Wada:
Ka yi magana da ladabi, ɗana, ni ma zan mayar da ladabi. Natsuwar zuciya kaɗai ba ta isa hujja ba, don mabiyin kowane addini na faɗin haka. Ina roƙon Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ni da kai baki ɗaya.

Bakano_a_Utah:
Amin. Malam, wani abu da na lura a nan: suna girmama Musulmi fiye da yadda na zata. A Fabrairun 1978 shugabanninsu sun fitar da sanarwa da ta ambaci Annabi, Sallallahu alaihi wa sallam, cikin manyan jagororin da suka ce Allah ya ba su rabo na haske. Ba imani da manzancinsa ba ne irin namu, kada a fahimce ni ba daidai ba. Kuma suna azumi Lahadin farko ta kowane wata, ba ci ba sha har a tsallake abinci biyu, kuɗin abincin a ba mabukata. Da Ramadan abokan aikina ba sa cin abinci a gabana.

Amma zan faɗi ɗaya gefen, don kada a ce na zo talla. A garuruwan da kusan kowa ɗan cocin ne, saurayin da bai je mishan ba yana shan kallo. Ana koya wa samari cewa wajibi ne a kansu, mata kuwa zaɓi ne. Akwai 'yan matan da ke cewa ba za su auri wanda bai je ba. Wanda kuma ya dawo kafin lokaci saboda ciwon damuwa, wani har kunyar shiga coci yake ji. Na san wani da aka dawo da shi daga Mexico bayan 'yan watanni, ya daɗe ba ya fita. Shugabanninsu na ta cewa a daina ƙyamar irin waɗannan, amma al'ada ba ta saurin mutuwa. Saboda haka ba kowane yaro da kuka gani a titi ne ya zo da zafin imani ba, wani kunyar gida ce ta kawo shi.

Tsohon_Elda:
Wannan ma gaskiya ne. Na zauna da wanda ya gaya mini a fili cewa don mahaifiyarsa ya zo. Akwai kuma matsin lissafi, duk mako sai ka ba da rahoton mutum nawa kuka koyar, nawa suka zo coci. In ba ka yi hankali ba sai ka fara ganin mutane kamar lambobi. Ka yi wata biyu kana koyar da iyali, ku saba, ranar Lahadi ka tsaya a ƙofar coci kana duban hanya har a fara waƙar farko ba su zo ba. Daren irin wannan ranar ne mutum ke tambayar kansa abin da Baba Tela ya tambaya.

Hadiza_MaiTambaya:
Afuwan in na kauce. Su ne masu auren mata da yawa ko? Na taɓa gani a wani shiri.

Bakano_a_Utah:
A da ne. Sun yi a zamanin Joseph Smith da Brigham Young, wanda ya kai su Utah a 1847, amma cocin ta sanar da dainawa a 1890 bayan matsin gwamnatin Amurka. Yau wanda ya ƙara mata korarsa ake yi. Waɗanda kike gani a shirye-shirye ƙungiyoyi ne da suka ɓalle.

Direba_Tema:
Ina ɗaukarsu a trotro, wato motar haya, har da matan, su ma bibbiyu da bajonsu. Abin da na lura, yanzu baƙaƙe sun fi yawa, 'yan Kongo, 'yan Kodebuwa, 'yan Najeriya, 'yan Saliyo. Malam Tela, in ka ce ɗan Amurka ba zai zo kyauta ba, to ɗan Kinshasa fa? Ni tambayata, shi me yake samu in ya gama?

DanKawo_KD:
Biza. Kowa ya san hanyar zuwa Amurka suke nema.

Tsohon_Elda:
Ga ni nan a Jos ina gyaran waya kamar yadda na bari, ɗan'uwa. Ranar da ka gama, a ba ka tikitin komawa gida, shugaban cocin yankinku ya sallame ka, ka cire bajo. Akwai rancen karatu da cocin ta kafa a 2001 da karatun intanet mai rahusa, wasu na amfana, ban musa ba. Wasu kuma sun dawo da Faransanci ko Turanci mai kyau ya taimake su samun aiki. Amma wanda ya shiga don biza ya yi asarar shekara biyu. Akwai haɗari ma: a 2007 an sace 'yan mishan 4 a yankin Fatakwal, dukansu 'yan Najeriya, Allah ya sa aka sako su bayan 'yan kwanaki.

Admin_Zaure:
Jama'a ana jin daɗin muhawarar. Tunatarwa kawai: ba zagin addinin kowa, ba kuma tura hanyar shiga wani shafin wa'azi, kowane ɓangare. Na goge saƙo biyu.

Maman_Khalifa:
Ni har yanzu ina kan bakata. Ko ba a biya, ko da imani, ɗan shekara 18 bai gama sanin kansa ba balle a ɗora masa koyar da dattawa hanyar Allah. A bar shi ya yi karatu tukuna.

Dan_Yamai:
Maman Khalifa, a wannan shekarun ne kuma ake ɗaukar soja, a nan ne kuma yaranmu ke bin hanyar Agadas zuwa Libiya. Ƙarfin samartaka dole ya tafi wani wuri.

Maman_Khalifa:
Su ma ɗin ai ban ce na yarda ba.

Tela_Nima:
Na karanta duka, na gode wa kowa, musamman ɗana na Jos da bai ɓoye mai daɗi da mara daɗi ba. Batun albashi na ji bayaninku. Amma har yanzu ina ganin mutane sama da 70,000 ba za su watsu a duniya haka ba sai da wani abin da ke tura su daga baya, ko iyaye ne, ko neman aure, ko kunya, kamar yadda Bakano ya faɗa. Imani zalla a zuciyar yaro ɗan 19, ina shakka.

Hajiya_MaiKoko_Aboabo:
Ɗana, kai da kake tashi sallar asuba tun kana ɗan 10, da farko ba tsoron bulalar babanka ba ne? Yanzu wa ke tashinka?

DanKawo_KD:
Hajiya wannan daban, wancan daban. Ni dai a bar ni da shakkata. @Tsohon_Elda, tambaya ɗaya ta rage mini: rahoton nan na mako-mako da ka ce kuna bayarwa, sunayen mutane da unguwanninsu, a ina yake ƙarewa, kuma wa ke da ikon buɗe shi?